Hajji da Umra cikin zafi: kayan sawa nawa ke isar matafiyi?

Maniyyata da yawa kan cika akwati da tufafin da ba za su sa ba, su manta da waɗanda za su fi buƙata a Mina da Arfa. Ga yadda ake lissafin kayan sawa idan tafiyar ta faɗo cikin tsananin zafi.

Da zarar hukumar COHO mai kula da shirya aikin Hajji da Umra ta fara maganar ranakun tashin jirage, teloli a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sai su daina barci da wuri. Alhaji na son shadda kala biyar, Hajiya na son leshi da atamfa na fita kunya, ƴaƴa da surukai kowa na kawo nasa ɗinkin don a ce shi ma ya sa hannu a guzuri. Haka nan idan babban hutun makarantu ya zo, daga Yuli zuwa Satumba, iyalan da Allah ya hore wa kan tafi Umra da yara, su ma da akwatuna shaƙe.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zuwa. Rabin kayan kan dawo gida da ninkin da aka tafi da su, ko warware su ba a yi ba. Ƴan riguna uku ko huɗu marasa nauyi ne suka yi aikin duka, ana wankewa ana mayarwa. Ranar dawowa kuma babu wurin tsaraba, sai dai a biya kuɗin ƙarin kilo ko a bar kaya a filin jirgi.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsalar. A Hajjin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar watan Yuni, ma'aunin zafi ya kai digiri 51,8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1301 ne suka rasu. Kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba su da takardar izinin Hajji, don haka sun yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba mota. Tufafi kaɗai ba ya hana irin wannan. Amma abin da ke jikin mutum sa'ad da yake tafiya cikin rana yana cikin abubuwan da ke ƙara masa wahala ko su rage masa ita, kuma tun daga gida ake yanke wannan shawarar.

Zafin can da zafin nan

Mutumin Tawa ko Damagaram kan ce ai shi ba baƙon zafi ba ne. Gaskiya ne, a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40 kusan kullum. A Makka, daga Yuni zuwa Satumba, zafin rana kan kai 42 zuwa 44, dare kuma ba ya yin sanyi sosai. Tazarar ba ta da yawa a ma'auni. Bambancin yana ga abin da mutum ke yi a cikin zafin.

A gida, idan rana ta take, kowa na neman inuwa. Ɗan kasuwa na rumfarsa, dattijo na zaure ko gindin bishiya, ruwan randa na kusa. A Makka kuwa mutum na tafe ne, daga masauki zuwa masallaci sau da yawa a yini, kan kwalta da dutsen da suka sha rana, cikin dubban mutane da kowannensu ke fitar da nasa zafin. Garin na cikin kwari ne tsakanin duwatsu. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa bakwai, ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi. Mai tafiya cikin irin wannan zafi na iya zubar da zufa lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Jidda kuma, da yake bakin teku ce, iskarta na da laima, zufa ba ta bushewa da sauri kamar yadda aka saba a nan.

Da yake lissafin watan Musulunci na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, Hajji na ficewa a hankali daga tsakiyar zafi. A 2024 an yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni, a 2025 ranar 5 ga Yuni. Amma Mayu ma watan zafi ne a Makka, kuma masu Umra lokacin babban hutu na sauka ne a tsakiyar wutar.

A ƙirga wanki, kada a ƙirga kwanaki

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafi da kwanaki: kwana talatin za a yi, to a nemi kaya kala goma sha biyar ko ashirin. Wannan lissafin ba ya aiki a zafi, domin rigar da aka sha zufa da ita daga asuba zuwa azahar ba ta sake sawuwa sai an wanke. Ko da kala ashirin aka tafi da su, kafin kwana goma duk sun zama wanki, an tara su a kusurwar ɗakin da mutum huɗu ko biyar ke kwana.

Tambayar da ta dace ita ce: kaya nawa ne za su iya juyawa tsakanin jiki da igiyar shanya ba tare da an rasa na sawa ba? Amsar ba ta wuce huɗu. Ɗaya na jiki, ɗaya na kan igiya, ɗaya a ninke yana jira, ɗaya kuma na ko-ta-kwana, saboda ranar da gajiya ko rashin lafiya ta hana wanki. Wanda zai yi Umrar kwana goma da wanda zai yi wata guda a Hajji, adadin ɗaya ne. Abin da ke ƙaruwa ga mai dogon zama shi ne sabulu.

Wannan lissafin ya dogara ga abu ɗaya: zafin Makka da Madina busasshe ne, irin namu. Rigar auduga mara kauri da aka wanke aka shanya inda iska ke kaɗawa kan bushe cikin ƴan awoyi. Wanda ya mayar da wanki al'adar kowane dare, riga ɗaya da kayan ciki kafin ya kwanta, aikin minti goma ne, kuma da safe yana da tsaftataccen kaya. Wanda ya bari ya taru, sai ya ɓata rabin yini a banɗaki, ko ya kai wa masu wanki da ke kusa da masauki, waɗanda ke caji da riyal.

Saboda haka kayan wanki na cikin kayan sawa. A sa ƴar igiya mai ƙarfi ta mita huɗu ko biyar, da abin maƙale wanki guda goma, da sabulun sanda ko garin sabulu a cikin leda biyu don kada ya zube. A lura cewa wankin da aka rataya a banɗakin da ba taga, ko a ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, ba ya bushewa da wuri. Ranar da aka sauka a tambayi masu masauki inda aka yarda a yi shanya.

Kayan ciki su ne kawai ake ƙara wa yawa, domin su ne ke fara shan zufa, ana canza su sau biyu a yini, kuma ba su da nauyi. Shida ko bakwai sun isa. Yara ƙanana su ma a ƙara musu riga biyu kan na manya, don sun fi saurin ɓata kaya.

Wane yadi ne ya dace?

Jiki na sanyaya kansa ne ta hanyar zufa. Zufar da ta tsaya a fata ba ta sanyaya komai, sai ta bushe ta bi iska sannan take tafiya da zafin. Duk tufafin da ya hana iska kai wa ga fata ya hana jiki yin wannan aikin.

A nan ne shadda ke faɗuwa. Saƙarta a matse take, ga gam da bugu da suka toshe ƴan ƙofofin da iska za ta bi. Ƙyallin da ke sa ta tsada shi ne ke riƙe zafi. Idan ta sha zufa sai ta yi shaci-shaci, ba ta wankuwa a bokitin banɗaki, kuma babu masu bugu a masauki. Babbar riga da ƴar ciki da wando sun cinye wurin jallabiya biyar a akwati. Wanda ba zai iya rabuwa da shadda ba ya ɗauki kala ɗaya, ya ajiye ta don ranar dawowa, sa'ad da dangi za su tarbe shi.

Leshi mai duwatsu da aiki mai nauyi shi ma haka: yana goge fata, yana kama kayan mutane a cunkoso, ga nauyi. Atamfar auduga ta ainihi da aka riga aka wanke ta yi laushi tana da daɗi a zafi. Sai dai kasuwa ta cika da atamfar da aka haɗa da zaren roba, wadda ke da kyan gani amma tana dafa jiki. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗiga ruwa a bakin yadin. Auduga na shanye shi, mai roba kuwa sai ɗigon ya tsaya a kai ko ya gangare. Sabon yadi mai gam na iya ruɗar da mutum, don haka a wanke ɗan ƙyallen tukuna. A kuma ɗaga yadin ga haske, a hura iska ta cikinsa. Idan iskar ba ta kai ga tafin hannu ba, ba za ta kai ga fata ba.

Yadin roba zalla, irin na yawancin abaya da jallabiya masu araha, yana bushewa da sauri kuma ba ya buƙatar guga, shi ya sa mutane ke son sa. Amma ba ya shan zufa, yana manne wa jiki, kuma yana riƙe wari. Auduga mara kauri, ko wadda aka ɗan haɗa da roba kaɗan don kada ta yamutse, ita ce tsaka-tsaki. Ɗinkin kuma ya zama mai faɗi, wuya a sake, hannu a sake, ba shafi a ciki.

Fari ko baƙi?

Kowa ya san farin kaya na mayar da hasken rana, baƙi na shanye shi. Amma a 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike kan dalilin da ya sa Larabawan daji ke sa baƙaƙen riguna a hamada. Masu binciken sun gano cewa baƙar riga ta fi shan zafin rana, amma idan tana da faɗi sosai, iskar da ke yawo tsakaninta da jiki na kwashe ƙarin zafin kafin ya kai ga fata, har mai baƙar riga da mai fara su zama kusan ɗaya. Wanda ya ga Abzinawa da shuɗɗan rigunansu a ranar Agadas ba zai yi mamaki ba.

Darasin shi ne faɗin riga ya fi launinta muhimmanci. Baƙar abaya mai faɗi ba laifi ba ce. Wadda ke wahalarwa ita ce baƙa, ta roba, matsattsiya, an kuma ɗora ta kan riga da zane da ɗankwali. Idan aka samu mai faɗi kuma mai haske, an haɗa biyun. Fari tas na da nasa aibin: yana saurin nuna datti, kuma idan ya jiƙe da zufa yakan nuna jiki. Ruwan toka, ruwan ƙasa mai haske ko shuɗi mai haske sun fi sauƙin riƙewa.

Haramin maza

Namiji na shiga harami da ƙyalle biyu marasa ɗinki, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, kai a buɗe, ba ɗan kamfai. Mai Umra na zama cikinsa ƴan awoyi ne, amma mai Hajji na kwana biyu ko fiye a ciki, daga 8 ga Zulhajji zuwa ranar Sallah, waɗanda su ne kwanakin da suka fi kowanne tafiya da zufa. Don haka harami biyu ake so. An yarda a canza wanda ya ƙazantu da wani, kuma wanda ya kwana a ƙasa a Muzdalifa zai ga amfanin na biyun.

Akwai harami mai kaurin tawul, akwai mara kauri. Mai tawul na shan zufa sosai, ba ya zamewa, ba ya nuna jiki, amma yana da nauyi kuma yana jinkirin bushewa. Mara kauri ya fi sanyi amma yana buƙatar ɗauri mai kyau. Kowanne aka zaɓa, ya zama na auduga, a wanke shi a gida da sabulu mara ƙamshi don ya yi laushi, a kuma koyi ɗaura shi tun kafin tafiya, a zauna da shi, a yi ruku'u da sujada, a hau matakala. Ɗamara mai aljihu na riƙe shi, tana kuma ɓoye kuɗi da katin shaida.

Abin da ba a cika faɗi ba, saboda kunya, shi ne gogar cinyoyi. Tafiyar kilomita da yawa cikin zufa ba tare da wando ba kan saɓe fatar cinya har mutum ya kasa takawa, musamman mai jiki. Basilin ko wani mai mara ƙamshi da za a shafa kafin a fara tafiya na hana wannan. Ƴar kwalbarsa ta fi babbar riga amfani a waɗannan kwanakin. Mai shakka kan hukuncin shafa mai cikin harami ya tambayi malamin ayarinsu tun a gida.

Wanda jirginsa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, haraminsa ya kasance a jikinsa ko a jakar hannu, domin jirgin na ƙetare miƙati ne a sama, lokacin da akwati ke can ƙasan jirgi. Wanda zai fara da Madina kuwa sai a Zulhulaifa zai ɗaura, a hanyarsa ta zuwa Makka.

Ban da harami, namiji na buƙatar jallabiya ko riga da wando marasa nauyi kala huɗu, kayan ciki shida, zanen kwana ɗaya, hula ɗaya mara nauyi da ƙaramin tawul.

Kayan mata

Mace ba ta da wani ƙyalle ko launi na musamman a harami. Tufafinta na suturta jiki su ne haraminta, fuska da tafin hannu a buɗe. Wannan sauƙi ne, amma mata ne suka fi shan wahalar zafi saboda tara kaya: shimi, riga, zane, fatari, ɗankwali, sannan dogon hijabi a sama. Kowane ƙari bargo ne.

Abin da ya fi dacewa shi ne hawa biyu kawai: doguwar riga mai faɗi ta auduga da wando mara kauri a ciki, sai hijabi. Wandon ya fi zane a wannan tafiyar. Ba ya kwancewa a turereniya, yana suturta mace idan ta faɗi ko ta kwanta a fili, yana hana gogar cinya, kuma ya fi sauƙi a banɗakin da ƙasansa ke jiƙe. Rigar kada ta ja ƙasa, domin ana taka ta a ɗawafi, kuma matakala mai tafiya da kanta na iya kama bakinta. A sa tela ya yi mata aljihu mai zif a ciki.

Dogayen riguna huɗu, wanduna huɗu, hijabi uku ko huɗu marasa kauri, kayan ciki bakwai da safa ƙafa uku sun isa. Hijabi ne ke fara yin datti a wuya da goshi, shi ya sa ake yawaita shi. A tafi da audugar mata isasshiya ko da ba a sa ran buƙatarta, don gajiya da canjin wuri kan rikita lissafi. Idan ajans ko ayari ya ba da yadin bai-ɗaya, a ƙirga shi cikin huɗun, kuma a ɗinka shi da faɗi.

Kwanakin da babu wanki

Lissafin juyawa tsakanin jiki da igiya na tsayawa a wuri ɗaya: kwanaki biyar ko shida na Mina, Arfa da Muzdalifa. Ranar 8 ga wata ana fita Mina, ranar 9 ana yini a Arfa, a kwana a fili a Muzdalifa, ranar 10 a yi jifa, sannan a ci gaba da zama a Mina har 12 ko 13. Babban akwati na nan a masaukin Makka. A tanti wurin kowa bai fi shimfiɗarsa ba, banɗaki sai an yi layi, ba wurin wanki ko shanya na kirki.

Don haka kwana ɗaya ko biyu kafin fita, a wanke komai tas. A ƙaramar jakar goyo namiji ya sa harami na biyu, da riga biyu da kayan ciki uku na bayan ya kwance harami. Mace ta sa riga biyu ko uku, wando biyu, hijabi biyu da kayan ciki na kowace rana. A haɗa da leda ta zuba masu datti, da zane mara nauyi na shimfiɗa a Muzdalifa. Jakar ta zama wadda mai ita zai iya goyawa da kansa na tsawon awoyi, don motoci kan maƙale, kuma daga tanti zuwa wurin jifa tafiyar ƙafa ce mai nisa. Dattijon da ke dogara ga wani ya ɗaukar masa kaya na iya rabuwa da shi a cunkoso.

Takalmi da laima

Farin dutsen da aka shimfiɗa a wurin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi kamar sauran duwatsu. Kwaltar waje kuwa tana ƙona ƙafa. Wanda ya fito masallaci ya rasa inda ya ajiye takalminsa, ko ya fita ta wata ƙofa dabam, ya ce bari ya taka haka zuwa masauki, na iya isa da tafin ƙafa a saɓe. Masu ciwon sukari sun fi shiga haɗari, domin wasunsu ba sa jin zafin sai fata ta ƙone, kuma mikinsu ba ya saurin warkewa. Ƴar jakar ƙyalle da za a sa takalmi a rataya a kafaɗa na magance wannan.

Takalmi ƙafa biyu ake so: ɗaya mai kaurin ƙasa na tafiya, wanda bai rufe idon sawu ba idan na namiji ne mai harami, ɗaya na roba na banɗaki, wanda zai maye gurbi idan na farko ya ɓata. Kada a tafi da sabo dal. A yi mako biyu ana zuwa masallaci da kasuwa da shi, ya saba da ƙafa.

Namiji mai harami ba ya rufe kai, don haka laima ce inuwarsa. Hukumomin lafiya na Saudiyya na ba da shawarar riƙe ta, mai launi mai haske, kuma malamai da yawa sun halatta ta muddin ba ta taɓa kai ba. Duk da haka laima ba izinin yawo cikin rana ba ce. A Hajjin 2025 an buƙaci alhazai su zauna cikin tantunansu a Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wanda aka ga yana jiri, ko ya ruɗe, ko maganarsa ba ta kan hanya, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a kira ma'aikatan lafiya nan take.

Sanyi a tsakiyar zafi

Abu ɗaya mai ɗan kauri ya cancanci wuri a akwati. Jirgi, motocin safa, ɗakunan otal da sassan masallatan biyu duk suna da na'urar sanyi mai ƙarfi. Mutum kan shigo jiƙe da zufa ya zauna awa biyu yana jiran salla cikin iska mai sanyi. Tsofaffi da masu ciwon ƙashi ko asma sun fi jin jiki. Mayafi mai ɗan kauri ga mace, rawani ko rigar sanyi mara nauyi ga namiji idan ba ya cikin harami, da safa, sun wadatar. Wanda ke cikin harami na iya lulluɓa jikinsa da ƙyallen harami na biyu, ban da kai.

Kilo da tsaraba

Kowane kamfanin jirgi da nasa ƙa'ida. Da yawa na ba da kilo 23 ga akwati ɗaya da kilo 7 ga jakar hannu, amma a tambayi ajans abin da ke kan tikiti, zuwa da dawowa. Duk kayan da aka lissafa a sama ba su cika rabin akwati ba, kuma haka ake so, domin dawowa ce ke da nauyi: dabino, darduma, tasbaha, jallabiyar yara, turare, ga jerin sunayen dangi da maƙwabta. Ruwan Zamzam na da nasa tsarin, galan ɗaya na lita 5 a rufe.

Wanda ke tsoron kada kaya su gaza masa ya tuna cewa kasuwannin Makka da Madina cike suke da jallabiya, abaya, hijabi, harami da takalmi. Abin da ya rage ana sayensa cikin minti goma. Abin da ya yi yawa kuwa sai dai a yi ta jan sa daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Madina, zuwa Makka, zuwa Jidda.

A jakar hannu a sa kaya kala ɗaya cikakke da magunguna, saboda akwati na iya makara kwana ɗaya ko biyu. A rubuta suna, ƙasa, sunan ajans da lambar waya a waje da cikin akwati, a ɗaura masa ƙyalle mai launi, don akwatunan ayari ɗaya kan yi kama da juna. Kuma kada a karɓi ƙunshin wani a sa cikin kaya ba tare da an buɗe an gani ba, ko da an ce tufafi ne za a kai wa ɗan'uwa. Dokar Saudiyya kan miyagun ƙwayoyi na da tsanani har zuwa hukuncin kisa, kuma mai akwati ake kamawa.

Ba a fafa gora ranar tafiya

Mako biyu kafin tashi, a karɓo ɗinki daga tela, a wanke kowanne sau ɗaya don gam ya fita, a ga wanda ke zuba da wanda ya tsuke. Sannan a yi gwaji: a sa rigar da takalmin da za a tafi da su, a taka zuwa masallacin Juma'a da rana a dawo. Rigar da ta dami mutum a titin Maraɗi za ta fi damunsa a hanyar jifa, gara ta zauna a gida. Da dare a wanke ta da hannu a shanya, a duba ko ta bushe kafin asuba.

Waɗanda suka ci wannan jarrabawar su ne za su shiga akwati. A naɗe su kamar tabarma, sun fi cin wuri kaɗan, a kai akwatin sikelin mai shago a auna. Ƴaƴa da surukan da ke son sa hannu a guzurin Baba ko Inna kuwa, kuɗin shadda ta biyar ya isa sayen takalmi mai kyau, laima, harami na biyu da jakar goyo, har a samu canjin da za a mayar riyal.